Tartuf da Hausa: a bar shi a Faransa ko a naɗa masa rawani?

Mushe Damagaram:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Ina koyar da Faransanci a nan Damagaram, bana kuma ɗalibaina sun karanta Tartuf, wasan kwaikwayo na Moliyer, marubucin Faransa. Sun matsa sai sun yi shi a dandali ƙarshen shekara, amma da Hausa, don iyayensu su ji abin da ake faɗa. Abu biyu ne suka tsaya mini. Na farko, wasan a waƙe yake, ɗango 1,962, kowane ɗango gaɓa 12, biyu-biyu masu amsa-amo iri ɗaya. In bi shi a waƙe ne ko in zuba shi a zube? Na biyu shi ne babba: in bar mutanen nan a Paris da sunayensu da cocinsu, ko in kwaso su in sauke a gidan wani Alhaji, Tartuf ya zama malam? Masu sani ku taimaka.

Baban Halifa:
Wa alaikumus salam. Mushe, mu da muka yi boko a Najeriya Shakespeare aka ɗora mana, wannan mutumin naka ba mu san shi ba. A ɗan warware mana labarin tukuna.

Mushe Damagaram:
To. Wani attajiri ne a Paris mai suna Orgon. Kullum ya je coci sai ya tarar da wani matalauci mai suna Tartuf durƙushe kusa da shi, yana ajiyar zuciya, yana sumbatar ƙasa, har jama'a su juyo suna kallonsa. Orgon ya ɗauka waliyyi ya samu, ya kwashe shi ya kai gida. Daga nan gidan ya dagule. Baƙo ya hana ziyara, ya hana shagali, ya sa wa kowa ido. Maigida da tsohuwarsa kaɗai ke ganin girmansa. Matarsa Elmir, da ɗansa Damis, da ɗan'uwan matar, Kileyant, da 'yar aikin gidan, Dorin, duk sun gane ɗan damfara ne. Orgon ya warware alkawarin auren 'yarsa Mariyan ya ce Tartuf zai ba, alhali shi Tartuf matar gidan yake hari. Da Damis ya tona, uban ya kore shi, ya rubuta wa Tartuf kyautar dukiyarsa kaf. Sai da Elmir ta ɓoye mijin ƙarƙashin tebur ya ji da kunnensa sannan ya yarda. Ya ce masa fita, Tartuf ya ce ai kai za ka fita, gida nawa ne yanzu. Daga ƙarshe sarki ya sa baki aka kama shi.

Baban Halifa:
In haka ne ka bar shi can inda aka haife shi. Ka sa yaro ya naɗa rawani, ya riƙe carbi, ya fito gaban iyaye yana neman matar maigida? Wallahi ba wasa za su gani ba, cin mutuncin malamai za su gani. Kuma yaron da ya fito a Tartuf sunan zai bi shi har ranar ɗaurin aurensa. Ka bar shi da malafarsa ta Nasara, kowa ya yi dariyarsa ya tafi gida lafiya.

Malam Na-Zazzau:
Baban Halifa, maganar nan taka ita aka faɗa wa Moliyer da kansa, kuma ya gwada shawararka, ba ta fisshe shi ba.

An fara yin wasan ranar 12 ga Mayu 1664 a fadar Versailles, gaban Sarki Luwi na 14, a cikin wani babban biki na kwanaki. A lokacin kashi uku ne. Sarki ya yi dariya, amma cikin 'yan kwanaki aka hana nuna shi ga jama'a. Masu adawa da wasan na da ƙarfi: babban limamin cocin Paris, Péréfixe, shi ya karantar da sarkin yana yaro, kuma akwai wata ƙungiyar asiri ta masu tsananin ibada da ke da mutane a manyan wurare. Wani limamin unguwa, Pierre Roullé, ya rubuta cewa Moliyer shaiɗan ne a cikin fatar mutum, ƙonewa ta dace da shi.

Sai Moliyer ya yi irin abin da kake cewa. A 1667 ya sake wa mutumin suna zuwa Panulphe, ya tuɓe masa duk abin da ke kama da shigar masu coci, ya rataya masa takobi, ya sa masa riga mai ado irin ta 'yan gayun fada. Sau ɗaya tak aka yi shi, ranar 5 ga Agusta, sarki yana fagen fama a Flanders. Washegari shugaban babbar kotun Paris, Lamoignon, ya hana. Babban limamin ya bi da takarda cewa duk wanda ya yi wasan, ko ya karanta, ko ya zauna ya saurara, an kore shi daga coci. Sai 5 ga Fabrairu 1669 aka sake shi, bayan rigimar cikin gida ta cocin Faransa ta lafa. Kusan shekara biyar ke nan. Yau a gidan wasan Comédie-Française an yi shi sama da sau 3,000.

Canza masa riga bai hana waɗanda abin ya shafa su gane kansu ba. Moliyer ya kawo wani labari a gabatarwar littafin. Sarki ya tambayi Yarima Condé, me ya sa mutanen nan suka tada jijiyar wuya a kan Tartuf, alhali ga wani wasan Italiyawa ana yi mai wasa da addini kai tsaye, ba su ce uffan ba? Yarima ya ce wancan addini yake taɓawa, wanda bai dame su ba, wannan kuwa su yake taɓawa.

Baban Halifa:
Allah gafarta Malam, na ji. Amma Moliyer sarki ne a bayansa. Kai ka ce har dariya ya yi. Mushe wa ke bayansa, shugaban makaranta?

Malam Na-Zazzau:
Nan kam ka yi gaskiya. Sarki ne ma ya tsaya uban baftisma ga ɗan Moliyer na fari a 1664, kuma a 1665, wasan na haramce, ya mai da ƙungiyarsa ta sarki.

Ɗan Azhar:
Ku ba ni wuri in shigo da mutanen Masar, don sun riga mu wannan muhawara da shekara 150. Muhammad Usman Jalal, wanda ya fito daga makarantar harsuna ta Rifa'a al-Tahtawi, ya fitar da fassarar wasan nan a 1873 da sunan al-Shaikh Matluf. Bai bar kowa a Paris ba. Ya kawo su Alƙahira, ya raɗa musu sunayen gida, Tartuf ya zama shehi. Kuma bai yi da Larabcin littafi ba, da Larabcin kan titi ya yi, a waƙe. Ya bi da wasu wasannin Moliyer ta wannan hanya. Tun kafin shi, Marun al-Naqqash a Beirut ya ɗauki wasan Moliyer na marowaci ya gina nasa a kai, wanda ake lissafa shi farkon wasan dandali da Larabci. A Turkiyya Ahmed Vefik Pasha, yana gwamnan Bursa, ya gina gidan wasa ya riƙa nuna Moliyer da ya baddala da Turkanci. Duk ƙasashen Musulmi ne waɗannan, sama ba ta faɗo ba.

Mai Barkwanci:
Gwamna da kansa yana fassara wasan ban dariya? Allah ya ba mu irin wannan rashin aikin yi.

Maman Ummi (Lyon):
Ɗan Azhar, sannu da karatu, amma kada a haɗa komai a tukunya ɗaya. Akwai bambanci tsakanin Bamasare ya naɗa wa Tartuf rawani don Masarawa, da Bafaranshe ya naɗa masa don Faransawa. A 1995 Ariane Mnouchkine, Bafaranshiya mai ba da umarni, ta yi wasan da ƙungiyarta ta Théâtre du Soleil, aka nuna a bikin wasanni na garin Avignon. Kalmomin Moliyer ta bari yadda suke, amma gidan ya koma irin na bakin Bahar Rum, tsakar gida da ƙofar ƙarfe, Tartuf kuma ya shigo da gemu da baƙaƙen kaya, da tawagar masu kama da shi a bayansa. Kowa ya gane masu tsattsauran ra'ayin addini na Aljeriya ake nufi. To ni tambayata, wa ke zaune a kujerun? Mutumin da kakanninsa aka rubuta wa wasan, yanzu ya samu damar ya zauna ya nuna wani da yatsa.

Malam Na-Zazzau:
Hajiya, ban yarda a yi wa matar nan wannan hukunci da sauri ba. Ki tuna lokacin. A Maris 1994 aka harbe Abdelkader Alloula a Oran, babban marubucin wasan kwaikwayo na Aljeriya. A Fabrairu 1995 aka kashe Azzedine Medjoubi, shugaban gidan wasan ƙasa, a Aljiyas. 'Yan sana'arta ake kashewa. Kuma hujjarta mai ƙarfi ce: a Faransa ta 1995 limamin coci ba ya iya ƙwace wa kowa gida, ba ya iya hana wasa. In ta bar Tartuf da tsohuwar shigarsa, ba mai jin tsoronsa, wasan kuwa ba ya tafiya sai an ɗan ji tsoro.

Maman Ummi (Lyon):
Ban ce da mugun nufi ta yi ba, Malam. Na ce abin da ke isa kunnen mai kallo ya danganta da inda yake zaune. Ni a nan nake, na san yadda ake duban mai gemu a cikin jirgin ƙasa. Kwatanta da abin da aka yi a Ingila a 2018, a ƙungiyar wasa ta Royal Shakespeare Company. Anil Gupta da Richard Pinto suka sake rubuta shi, Iqbal Khan ya ba da umarni, aka kai labarin gidan wani ɗan kasuwa ɗan asalin Pakistan a Birmingham. A can masu tona asirin Tartuf su ma Musulmi ne, har 'yar aikin gidan Musulma ce 'yar Bosniya. Rigima ta zama ta cikin gida. Wannan shi ya fi kusa da abin da Moliyer ya yi, don Kileyant ɗinsa ba kafiri ba ne, mai addini ne da ke cewa akwai masu ibada na gaskiya, har ya jero sunayensu, ba sa buga ganga.

Baban Halifa:
To ai kin taimake ni, Hajiya. Ko a Turai abin na da ƙura.

Maman Ummi (Lyon):
A'a, ban taimake ka ba. Mushe a Damagaram yake, masu wasan da masu kallon duk 'yan gida ne. Matsayinsa irin na Jalal ne, ba irin na Mnouchkine ba. Shi in ya bar Tartuf da gicciye a wuya, shi ne zai zama mai nuna addinin wasu da yatsa. Ka yi tunanin wannan? Akwai Kiristoci a garin, wataƙila a ajin ma.

Sha'irin Gobir:
An manta tambaya ta farko. Mushe, kada ka ce za ka ƙirga gaɓa 12 da Hausa. Waƙar Faransanci ƙirga gaɓa take yi kawai, tamu kuwa nauyin gaɓa take aunawa, mai nauyi da marar nauyi, kamar arulin Larabawa. In ka tilasta 12 za ka samu abin da ba ya reruwa kuma ba ya faɗuwa. Richard Wilbur da ya fassara shi da Ingilishi a 1963 bai bi 12 ba, ya koma ma'aunin da kunnen Bature ɗan Ingila ya saba da shi, gaɓa 10, amma ya riƙe amsa-amo biyu-biyu. Dalilinsa na da kyau: dariyar tana cikin faɗuwar ɗango na biyu. Na farko ya ɗana, na biyu ya kama. Liz Lochhead ma da ta mai da shi harshen mutanen Scotland a shekarun 1980 ta riƙe amsa-amon. Mu muna da 'yar ƙwar biyu, kunnenmu ya san ta. Yi da ita.

Malam Na-Zazzau:
Sha'iri, kana kare sana'arka ne. Wasannin da muke da su a rubuce, daga Wasan Marafa zuwa na Shu'aibu Maƙarfi zuwa Uwar Gulma, da zance ake yin su. Bahaushe in ya ji amsa-amo jere, jikinsa yana ba shi wa'azi ne ko yabo, sai ya gyara zama ya natsu. Sa'a biyu yara suna rera rigimar gida? Za a watse kafin kashi na uku.

Sha'irin Gobir:
'Yan kama fa, Malam? Ba da karin karatu suke kashe mutane da dariya ba? Su ɗauki muryar tafsiri su yi ta jan baƙi a kan tuwo da miya, mai fassara yana amsawa.

Malam Na-Zazzau:
Su minti goma suke yi a karɓi kuɗi a wuce. Amma ka ba ni wata dabara. Me zai hana kowa ya yi magana a zube, Tartuf kaɗai ya riƙa zuba kalamai masu amsa-amo, da jan murya, da Larabcin da bai nuna ba? Sai kunne ya rarrabe shi da sauran tun kafin a san halinsa. In Orgon ya fara kwaikwayon salon a bakinsa, an ga inda cutar ta kai.

Sha'irin Gobir:
Wato waƙa ta zama alamar maƙaryaci. Na gode, Malam.

Mushe Damagaram:
Bari in nuna muku inda na gwada, ku ga abin da ke sauƙi da abin da ke wuya. Kashi na ɗaya, fitowa ta huɗu. Orgon ya dawo daga ƙauye bayan kwana biyu, yana tambayar Dorin labarin gida. Ta ce uwargida ta yi zazzaɓi da ciwon kai mai tsanani. Ya ce, Tartuf fa? Ta ce lafiya lau, ya yi ƙiba, fuska na sheƙi. Ta ce uwargida ta kasa cin komai da dare. Tartuf fa? Ya zauna gabanta ya cinye makwarwa biyu da rabin cinyar rago. Ta kwana ba ta runtsa ba. Tartuf fa? Ya shige gado mai ɗumi sai safe. Aka yi mata tsaga aka zubar da jini ta samu sauƙi. Tartuf fa? Ya sha giya kofi huɗu da karin kumallo don ya mayar da jinin da ita ta zubar. Kowane karo Orgon amsa ɗaya yake bayarwa, ta tausayi. Na sa "Allah sarki, bawan Allah!" Yaran da na karanta wa sun faɗi ƙasa don dariya. Wannan ko canza harafi ban yi ba, sai giyar. In malam ne a gidan Alhaji, dole ta koma fura da nono.

Wuyar tana gaba. Baƙo namiji a gidan Bahaushe zaure ne iyakarsa, ko shago. Ta yaya zai zauna da uwargida su biyu har ya kai hannu gwiwarta ya ce laushin yadin yake dubawa?

Maman Ummi (Lyon):
Ai Moliyer ya ba ka amsa, duba ƙarshen kashi na uku. Bayan an kori Damis, Tartuf ya ce don gudun zargi zai daina kusantar matar. Orgon ya ce sam, sai ma a riƙa ganinku tare ko da yaushe don maƙiya su ji haushi. Maigida ne ya buɗe ƙofar da hannunsa. A gidan da aka rubuta "ba a shiga" a bakin zaure, wannan maganar za ta fi ƙarfi fiye da yadda take a Paris.

Kuma nan nake so in ja hankalinku. Tun safe kuna ta rigima a kan rigar Tartuf. Mutumin nan ba ya fitowa dandali sai kashi na uku, fitowa ta biyu. Kusan rabin wasan ya wuce ana maganarsa ba a gan shi ba. Moliyer da kansa Orgon ya fito, ba Tartuf ba. Ɗan damfara ba abin mamaki ba ne, kowace kasuwa akwai shi. Abin kallo shi ne magidanci mai hankali, mai dukiya, wanda ya yi wa sarki hidima lokacin tawaye, ya tsaya gaban ɗan'uwan matarsa ya ce wannan bawan Allah ya koya masa kada ya ƙulla zuciyarsa da komai, ko da uwarsa da matarsa da 'ya'yansa za su mutu ba zai dame shi ba. Yana faɗa yana alfahari. Kuma ku lura, duk abin da ya yi da sunan tsoron Allah, ikonsa a gida yake ƙarawa. 'Yar ta ƙi mijin? Ya ce auren wanda ba ta so horon rai ne, lada za ta samu. Waliyyin nan bulala ce a hannunsa.

Ni na san gidan da aka yi auren sadaka irin wannan, uwar yarinyar ba ta ji ba sai da aka shafa fatiha. Ba wanda ya zagi malamin a unguwar kamar yadda aka zagi uban.

Baban Halifa:
Wannan kam akwai shi, ba musu. Amma gyaransa wa'azi ne, ba dariya ba.

Ɗan Azhar:
Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya yi rubutu a kan miyagun malamai. Ba Turawa suka fara gano su ba.

Baban Halifa:
Shehu rubutu ya yi da hujja, bai sa yara su yi shigar malamai a yi musu tafi ba.

Mai Barkwanci:
Baban Halifa, kai ba ka yi tashe ba? Wa ya manna maka gemun auduga ana cewa ka yi rawa kana cewa ba ka yi ba? A watan azumi fa, a ƙofar gidan liman, kuma ya ba ku hatsi.

Baban Halifa:
Tashe daban. Kowa ya san yara ne, kuma ba a taɓa matar aure a ciki.

Malam Na-Zazzau:
A kan wa'azi da dariya, Moliyer ya amsa a gabatarwarsa: mutum yana jure a ce masa mugu, abin da ba ya jurewa shi ne a mai da shi abin dariya. Ko ka yarda ko ba ka yarda ba, wannan ce hujjar sana'ar gaba ɗaya. Amma maganar matar aure da ka kawo ita ce ainihin wurin da Mushe zai yi gumi. Fitowar tebur ba a iya tsallake ta.

Mushe Damagaram:
Na yi tunanin in mai da shi bayan labule, ko a ji muryoyinsu kawai daga ɗaki.

Maman Ummi (Lyon):
Kada ka soma. In ka ɓoye ta ka kashe wasan. Daɗin fitowar shi ne mai kallo yana ganin su ukun lokaci ɗaya: mijin a ƙasa, matar a tsaye kusa da shi, Tartuf yana matsowa. Ta yi tari don mijin ya fito, shiru. Ta sake tari, shiru, har Tartuf ya miƙo mata abin tsotsa na maganin tari. Ya ce mata zunubin da aka yi a ɓoye ba zunubi ba ne, mijin na ji, bai motsa ba. Sai da ta ce ya leƙa waje ko mijinta na kusa, Tartuf ya ce wannan ai mutum ne da ake ja da hanci, sannan Orgon ya rarrafo. An nemi matarsa ya daure, an taɓa girmansa ya fito. Ita kuwa ta dube shi ta ce har ka fito da wuri haka? Koma mana ka jira ka tabbatar. Duk matar da ke wurin za ta gane wannan magana. Ba sai an taɓa kowa ba, tazarar taku biyu ta isa, yarinyar ta riƙa kewaya tebur. In tebur bai dace da ɗakin ba, gado mai rumfa yana nan.

Ɗan Azhar:
Ƙarshen fa? Ni shi ne bai taɓa gamsar da ni ba. Tartuf ya riƙe takardar gida, ya kai wa hukuma akwatin takardun sirrin da abokin Orgon ya ba shi ajiya, ya zo da jami'i a kama maigida. Sai kawai jami'in ya juya ya kama shi, ya yi doguwar huɗuba cewa muna ƙarƙashin sarki maƙiyin zamba mai ganin cikin zukata. Wannan ai godiya ce ga wanda ya ba da izinin wasan.

Maman Ummi (Lyon):
Shi ya sa abin da aka yi a 2022 ya ja hankali. Ranar 15 ga Janairu, cikar Moliyer shekara 400, Comédie-Française ta buɗe da Tartuf mai kashi uku, Ivo van Hove ya ba da umarni, aka haska shi kai tsaye a gidajen silima. Rubutun 1664 ya ɓata. Wani masani, Georges Forestier, shi ya sake gina shi, bisa ra'ayinsa cewa wancan na farko cikakken wasa ne, kuma kusan shi ne kashi na ɗaya da na uku da na huɗu na yanzu. Babu Mariyan da saurayinta, babu jami'in sarki. Sun buɗe da Tartuf a yashe kamar mabaraci, mutanen gidan suka ɗauke shi suka yi masa wanka suka sa masa sutura. Ni dai ya yi mini duhu da yawa, dariya ta yi ƙaranci, kuma sun sa Elmir tana karkata gare shi, abin da ban gani a rubutun ba. Amma cire sarkin ya yi daidai.

Malam Na-Zazzau:
A yi hattara, wannan ginin Forestier ne, ba takardar Moliyer ba. La Grange, ɗan ƙungiyar da ke riƙe da littafin lissafinsu, abin da ya rubuta shi ne an yi kashi uku na farko, wasu masana kuma a kan haka suka tsaya, cewa wasan bai ƙare ba ne a lokacin. Ni kuma ina ganin huɗubar jami'in tana da amfani in an iya faɗarta. Mai kallo ya san da ba don sa'a ba gidan ya tafi, doka ma tana bayan Tartuf, takardarsa sahihiya ce. Wole Soyinka a 1960 ya bar nasa annabin ƙaryar na bakin teku a Legas ya ci nasara, wannan wata hanya ce. Amma Mushe iyaye zai tara, ba za su so a tashi mugu na cikin gidan mutane ba.

Mushe Damagaram:
To in na kawo shi gida wa zai zama sarkin? In na ce Sultan, na shiga wata rigimar. In na ce jandarma, dariyar da za a yi ba irin wadda nake so ba ce.

Mai Barkwanci:
Sa alƙali ya gano an taɓa ɗaure shi a wani gari da wani suna.

Mushe Damagaram:
Ai haka yake a asalin, jami'in ya ce tsohon mai laifi ne da aka sani da wani suna. Wannan zan iya riƙewa.

Baban Halifa:
Ni dai ina kan bakana a kan rawani. In dole sai an kawo shi gida, a yi shi ɗan tsibbu mai zane a ƙasa, kada a ba shi allo ko carbi, kuma kada a ja aya ko ɗaya a bakinsa. Sannan a kai wa limamin unguwa rubutun ya gani kafin ranar.

Malam Na-Zazzau:
Kada a ja aya, na yarda, ba a bukata. Tartuf na asali ma ba limami ba ne, ba shi da muƙami a coci, mutum ne da ya mai da kansa mai shiryar da gidan wani. Amma ɗan tsibbu ba zai yi ba. Orgon ba asiri yake nema ba, Aljanna yake nema, da wanda zai ce masa duk abin da ya yi a gidansa daidai ne. Carbin dole ne. Farkon maganarsa a dandali, da ya hangi Dorin, ɗaga murya ya yi ya ce wa yaronsa ya adana masa rigar gashi da bulalar da yake horon kansa da su, in an zo nemansa ya tafi rabon sadaka gidan yari. Sai an samo abin da zai yi wannan aikin da Hausa.

Sha'irin Gobir:
"Yaro, shanya buzun nan, hawayen daren jiya bai bushe ba. In an tambaye ni, ina azumi, kada a gaya wa kowa."

Maman Ummi (Lyon):
Sha'iri, ka ga a zube ka yi ta kuma ta zauna.

Mushe Damagaram:
Na ɗauka, Sha'iri, da izininka. Zan rubuta kashi na ɗaya iri biyu, ɗaya a Paris ɗaya a gida, in karanta wa shugaban makaranta da iyaye biyu-uku in ga fuskokinsu. Wata matsalar kuma, babu yarinyar da ta yarda ta fito a tsohuwar, Madam Pernel, wai za a riƙa kiranta kaka.

Malam Na-Zazzau:
Ba wa namiji. A zamanin Moliyer ma namiji ne ya fito a ita, Louis Béjart. Nemi yaron da ya fi kowa murya, ka ba shi sanda da mayafi.

Baban Halifa:
Ɗan daudu kuma? Mushe, yanzu rigimarka ta zama biyu.